Christian Okoye da aikin mai gudu da ƙwallo a zari-rugar Amurka: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da aka zo wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Fabrairu, sai ka ji masu son wasanni suna tambayar yadda ake buga wannan zari-ruga ta Amurka, da kuma dalilin da ya sa ake yawan ganin sunayen 'yan Najeriya a bayan rigunan 'yan wasan. An tattara tambayoyin nan ne a kan gurbi guda ɗaya cikin wasan, gurbin da ake kira ranin-bak, wato mai gudu da ƙwallo, an kuma bi sawun mutum guda: Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar NFL, babbar gasar ƙwararrun wannan wasa a Amurka, baki ɗaya.

Mene ne aikin mai gudu da ƙwallo?

Kowace ƙungiya tana da mutum goma sha ɗaya a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, ban da wuraren cin maki da ke kowane ƙarshe, kuma yadi ɗaya kaɗan ya rage ya cika mita. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama huɗu ta ci gaba da yadi goma. In ta cika, a sake ba ta huɗu. In ta gaza, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shigar da ƙwallo ƙarshen fili ya ci tacdawun, maki shida ke nan.

Hanya biyu ce ta ciyar da ƙwallo gaba. Ko dai kwatabak, jagoran masu kai hari, ya jefa ta ga wani a can gaba, ko kuma ya juya ya danƙa ta a cikin mutumin da ke tsaye bayansa. Wannan na bayan shi ne mai gudu da ƙwallo. Ƙattai biyar da ke layin gaba su ne za su ture masu tsaro su buɗe masa 'yar kafa, shi kuma ya kutsa ta ciki kafin ta rufe. Bayan gudu, ana so ya iya cafe ƙwallo in an jefo masa, ya kuma tare duk mai tsaron da ya ɓallo zai afka wa kwatabak. Wannan aiki na ukun ba ya shiga lissafin jarida, amma wanda bai iya shi ba koci ba ya barinsa a fili.

Abin lura a nan shi ne kusan duk gudun da ya yi, da kayarwa yake ƙarewa. Wanda aka ba ƙwallo sau ashirin da biyar a wasa ɗaya, ya san mutane masu nauyin kilo ɗari zuwa sama za su maka shi da ƙasa kusan sau ashirin da biyar, wani lokacin su biyu ko uku a kansa.

Wane ne Christian Okoye, kuma me ya kai shi Amurka?

An haife shi ranar 16 ga Agusta, 1961, a Inugu. Tun yana yaro ƙwallon ƙafa ya sani, irin wadda muka sani, daga baya ƙarfinsa ya karkata da shi zuwa wasannin jifa: jifan faifai da jifan dalma da jifan guduma. A 1982 ya tafi jami'ar Azusa Pacific da ke kusa da Los Angeles, inda abokinsa ɗan tseren Najeriya Innocent Egbunike ya riga shi zuwa. Ƙaramar jami'a ce, ba ta cikin manyan da talabijin ke nuna wasanninsu. A can ya lashe kambun ƙasa da dama a wasannin jifa a rukunin ƙananan jami'o'i.

Burinsa shi ne ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1984, wadda aka yi a Los Angeles, kusan a ƙofar makarantarsa. Ba a sa sunansa cikin tawagar ba. Wannan ɓacin rai ne ya tura shi wurin kocin zari-ruga na jami'ar ya nemi a gwada shi. Shekararsa 23 a lokacin.

Ashe ana iya fara wasan da shekara 23 a kai wani matsayi?

A ƙa'ida ba a iyawa, shi ya sa labarinsa ya zama abin faɗa. Yaron Amurka yana fara wannan wasa tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas, ya buga a sakandare, ya buga shekara uku ko huɗu a jami'a. Da shekara 23 yawancinsu sun riga sun shiga NFL. Okoye kuwa a wannan shekarun yake koyon yadda ake rungume ƙwallon don kada ta suɓuce, da sunayen dabarun da koci ke kira.

Jikinsa ne ya cike masa giɓin. Tsayinsa kusan mita 1.85, nauyinsa kimanin kilo 115, kuma yana gama tseren yadi 40 cikin daƙiƙa 4.45. Mai irin wannan nauyin yawanci a layin gaba ake ajiye shi yana turereniya. Mai irin wannan gudun kuma yawanci siriri ne. Haɗuwar biyun a jiki ɗaya ita ce ta sa masu farautar 'yan wasa suka fara zuwa wata makaranta da a da ba su damu da ita ba. Jifan faifai ma ya taimake shi, domin ƙarfin mai jifa daga cinyoyi da ƙugu yake tasowa, kuma nan ne dai mai gudu da ƙwallo ke buƙatarsa idan mutum biyu suka rataye a jikinsa.

(Jami'ar Azusa Pacific ta rufe ƙungiyarta ta zari-ruga a ƙarshen 2020.)

Yaya ake shiga NFL?

Ba sayen ɗan wasa ake yi daga makarantar horo kamar yadda kulob-kulob na Turai ke yi ba. Kowace shekara a watan Afrilu ƙungiyoyi suna zama su zaɓi waɗanda suka fito daga jami'a bi da bi, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Yanzu ƙungiyoyi 32 ne, zagaye bakwai ake yi. A 1987 ƙungiyoyi 28 ne, zagaye goma sha biyu. Kansas City Chiefs ta ɗauki Okoye a zagaye na biyu, shi ne mutum na 35 da aka kira, yana gab da cika shekara 26.

Ɗan wasa ba shi da ta cewa kan garin da zai je. Wanda ya kira sunanka, can za ka.

Me ya yi a cikin shekarun da ya buga?

Kaka shida ya buga, duka a Kansas City, daga 1987 zuwa 1992. A ta farko ya yi yadi 660. A ta biyu rauni a babban yatsa ya hana shi wasanni da yawa, ya tsaya a 473. Ƙungiyar kanta a lokacin ba ta taɓuka komai, wasa huɗu kacal ta ci a 1988.

Sai 1989 aka kawo sabon koci, Marty Schottenheimer, mutumin da ya yi imani cewa ana cin wasa ne ta hanyar gajiyar da abokin karawa da gudu a ƙasa, a yi ta dukan wuri ɗaya har ya fashe. Ya duba ya ga yana da wanda ya dace da wannan tunani. A kakar nan an danƙa wa Okoye ƙwallo sau 370, ya yi yadi 1,480, ya ci tacdawun 12. Babu wanda ya kai shi a gasar. An zaɓe shi cikin gwarazan shekara, kuma laƙabin da ya bi shi har yau, Nigerian Nightmare, wato Dodon Najeriya, ya karaɗe Amurka. Masu tsaro sun riƙa faɗa a fili cewa zuwa kashi na huɗu, wato na ƙarshe, na wasa ba wanda ke marmarin tarar gabansa.

Daga nan lissafin ya fara sauka: yadi 805 a 1990, shekarar da ya raba aiki da Barry Word; ya farfaɗo da 1,031 a 1991, aka sake zaɓensa wasan gwaraza; sai 448 a 1992. Gwiwa ta ƙi, aka yi masa aiki, bai sake buga wasan gasa ba. Jimilla yadi 4,897 da tacdawun 40 na gudu. Lokacin da ya ajiye, babu wanda ya kai shi yawan yadi a tarihin Chiefs, sai daga baya Priest Holmes da Larry Johnson da Jamaal Charles suka wuce shi.

Da gaske ne Barry Sanders ne ya bar masa kambun 1989?

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ana zuzuta ta. Sanders, wanda a shekarar ya shigo Detroit Lions, ya kai yadi 1,470 a wasan ƙarshe da Atlanta, saura goma ya kamo Okoye. Wasan ya riga ya tabbata nasu ne, koci ya yi masa tayin ya koma fili ya cike, shi kuma ya ce a bar shi. Halin Sanders ke nan. Shi ne kuma ya ajiye wasa a 1999 yana da yadi 15,269, alhali kaka ɗaya mai kyau za ta ishe shi ya karya tarihin yawan yadi a tsawon sana'a da Walter Payton ya kafa, 16,726.

Sanders ya yi nasa yadin ne da ɗauka 280, Okoye da 370, don haka a kowace ɗauka Sanders ya fi. Ba wanda zai ce Okoye ya kai Sanders gwaninta. Sai dai aikin da aka ba su ba iri ɗaya ba ne. Sanders zillewa yake yi, a kai masa cafka a kama iska. Okoye kuwa an aike shi ne ya bi ta tsakiyar mutane, kowa a filin ya san ta inda zai biyo, kuma duk da haka ya ci yadi huɗu. Wanda ya yi wannan sau 370 cikin wata huɗu, kambunsa halas ne.

Me ya sa masu wannan gurbi ba sa daɗewa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a shafin nan. Lissafin da aka fi ambata yana nuna matsakaicin zaman mai gudu da ƙwallo a NFL bai cika shekara uku ba, kuma yana cikin mafi gajarta a duk guraben wasan. Kwatabak na iya kai wa shekara arba'in yana bugawa. Tom Brady sai da ya kai 45. Mai gudu da ƙwallo kuwa da ya doshi talatin an fara yi masa kallon tsoho.

Dalili na farko shi ne duka. Gwiwa da idon sawu da kafaɗa da haƙarƙari da wuya, kowanne yana karɓar rabonsa duk Lahadi. Na biyu, sana'ar tana rataye ne a kan wani ɗan zafin nama da ba ya wuce ƙiftawar ido. Kafar da aka buɗe masa ba ta jira. In saurin tashinsa ya ragu ko da kaɗan, sai ya iso ya tarar ta rufe. Mai kallo ba zai ga bambancin ba, amma lissafi zai nuna: wanda yake cin yadi huɗu da rabi a kowace ɗauka ya koma uku da rabi. Shi ya sa ƙungiyoyi ke duba yawan ɗaukar da mutum ya yi tun daga jami'a kamar yadda mai sayen motar haya ke duba tafiyar da ta sha kafin ya dubi fenti.

A ganina kakar 1989 ita ta ɗaga Okoye, ita kuma ta ci shi. Bai sake kusantar wannan adadin ba. Akwai masu cewa karon da Steve Atwater, mai tsaron Denver, ya yi masa a wasan daren Litinin na Satumbar 1990, inda ya tsayar da shi cak ya mayar da shi baya, shi ne ya karya masa lago. Ana ta maimaita hoton har yau. Ban yarda da wannan fassarar ba, domin shekara ɗaya bayan karon ya sake haura yadi dubu. Abin da ya gama da shi tarin duka ne na shekaru a kan gwiwoyin da ke ɗauke da kilo 115, ba karo ɗaya da kyamara ta kama ba.

Akwai waɗanda suka saɓa wa wannan ƙa'ida. Emmitt Smith ya buga kaka goma sha biyar ya tara yadi 18,355, tarihin da har yau ba a karya ba. Frank Gore ya yi goma sha shida, ya tsaya a 16,000 cif. Adrian Peterson ya tsinke jijiyar gwiwa a Disambar 2011, ya dawo a 2012 ya yi yadi 2,097, saura takwas ya kamo tarihin kaka guda na Eric Dickerson, 2,105, da aka kafa a 1984. Ana yawan ambaton waɗannan ne saboda ƙarancinsu.

To ai suna samun kuɗi mai yawa, ko ba haka ba?

In aka gwada da albashin talaka, ƙwarai. In aka gwada da abokan wasansu, ana ƙwararsu, kuma tsarin ne ya jawo. Tun yarjejeniyar 2011, an ƙayyade abin da za a biya sabon shiga: kwantiragin shekara huɗu, ƙungiya kuma na da damar ƙara ta biyar ga wanda ta zaɓa a zagayen farko. Bayan nan tana iya ɗaure shi da wata shekara guda a kan farashin da aka yanke wa gurbinsa, ko yana so ko ba ya so. Ka lissafa: ya shigo da shekara 22, ba zai sami 'yancin tallata kansa a kasuwa ba sai ya kai 27 ko 28. Ga kwatabak, lokacin ne ganiyarsa ke farawa. Ga mai gudu da ƙwallo, an riga an shanye romon.

A 2023 farashin wannan ɗauri na shekara guda ga mai gudu da ƙwallo dala miliyan 10 ne da 'yan kai, na kwatabak kuwa ya haura miliyan 32. Josh Jacobs, wanda ya fi kowa yadi a 2022 da 1,653, da shi aka ɗaure shi maimakon a ba shi doguwar kwantiragi; haka aka yi wa Saquon Barkley a New York Giants. Tun kafin su, Le'Veon Bell ya ƙi buga kakar 2018 gaba ɗaya a Pittsburgh, ya bar dala miliyan 14.5, kuma da ya dawo bai sake zama yadda yake ba.

Su ma ƙungiyoyin suna da hujja. Los Angeles Rams ta ba Todd Gurley babbar kwantiragi a 2018, gwiwa ta ci amanarsa, ta sallame shi a Maris 2020. Chiefs kuma ta ci Super Bowl a Fabrairun 2023 da Isiah Pacheco, yaron da ta tsinta a zagaye na bakwai. In na arha zai yi aikin, me zai sa a sayi mai tsada? Hujjar tana da ƙarfi a takarda. Sai dai ita ce kuma ke nuna rashin adalcin: gurbin da ya fi kowane saurin cin jiki, shi aka sa ya fi kowa jiran ladansa. Barkley ya ɗan juya akalar zancen da ya koma Philadelphia Eagles a 2024, ya yi yadi 2,005, suka doke Chiefs 40 da 22 a Super Bowl, aka sabunta masa kwantiragi a kan sama da dala miliyan 20 a shekara.

Yaya batun lafiyar ƙwaƙwalwa?

Nan ma sunan ɗan Najeriya ya fito. Dakta Bennet Omalu, ɗan asalin jihar Anambra, likitan binciken gawa a Pittsburgh, shi ya duba ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasan Steelers Mike Webster bayan rasuwarsa a 2002. Ya gano wata lalacewa da yawan buguwar kai ke haddasawa, cutar da ake kira CTE, ya wallafa bincikensa a 2005. Da farko likitocin da ke aiki da NFL sun yi watsi da shi, har suka nemi a janye rubutun. Daga baya dubban tsofaffin 'yan wasa suka kai ƙara, hukumar ta amince da biyan diyya, aka kuma sauya dokoki: an hana kai karo da tsakar hular kwano, kuma wanda ake zargin ya bugu a kai dole a fitar da shi likita ya duba. A zamanin Okoye ba a tsaurara waɗannan matakai kamar yau ba.

Okoye yana cikin zauren karrama gwarazan wasan?

Yana cikin na ƙungiyarsa. Chiefs ta shigar da shi a shekarar 2000. Babban zauren da ke Canton a jihar Ohio kuwa bai shiga ba, kuma da wuya ya shiga, domin masu zaɓe suna duba tarin yadi na shekaru masu yawa, shi kuwa kaka shida ya yi. Bayan ya bar wasa ya zauna a Kalifoniya, yana tafiyar da gidauniya mai sunansa da ke shirya wa yara horon wasanni kyauta.

Akwai wasu 'yan Najeriya da suka buga wannan gurbi?

Wanda ya fi fice bayansa shi ne Jay Ajayi, haifaffen Landan, iyayensa 'yan Najeriya. A 2016 ya yi yadi 1,272 a Miami Dolphins, har da wasanni uku da ya haura yadi 200 a kowanne. Ya ci Super Bowl da Eagles a Fabrairun 2018. Watanni kaɗan bayan haka jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kuma kafin ya cika shekara 27 ya buga wasansa na ƙarshe. Yawancin 'yan asalin Najeriya da ke NFL a yau a layin gaba ko cikin masu tsaro suke.

Matashin da ke Najeriya ko Gana zai iya bin wannan hanya?

Hanyar ta fi ta zamanin Okoye buɗewa, amma siririya ce. Tun 2017 NFL ke da shirin ɗauko 'yan wasa daga ƙasashen waje, kuma Osi Umenyiora, wanda ya ci Super Bowl sau biyu da Giants, yana jagorantar neman matasa a Afirka. An yi sansanin gwaji a Gana a 2022, a Kenya a 2023, a Legas a 2024. Sai dai waɗanda ake ɗauka galibi dogaye ne ƙattai da za a koya wa aikin layin gaba, domin Amurka ba ta rasa masu gudu da ƙwallo ba. Jami'o'inta suna fitar da su da yawa duk shekara. Duk wanda ya nemi kuɗi a hannunka da sunan zai kai ka gwajin NFL, ka bincika sosai kafin ka ba shi ko sisi.

In ina son in fara kallo, me zan sa wa ido?

Ana fara kaka a Satumba, kowace ƙungiya ta buga wasa 17, a gama da Super Bowl a Fabrairu. Wasannin farko na ranar Lahadi suna farawa da ƙarfe shida na yamma agogon Najeriya da Nijar, su koma bakwai daga Nuwamba idan Amurka ta sauya agogonta. Na dare kuwa sai bayan ɗaya na dare.

Idan aka danƙa wa mai gudu ƙwallo, kada ka bi ƙwallon da ido tukuna. Dubi ƙattan nan biyar na gaba ka ga inda suke ƙoƙarin buɗewa, sannan ka ga ko ya yi haƙurin jiran kafar ko ya yi gaggawa ya afka bayan nasa. Ka kuma lura da yadin da yake ƙarawa bayan an fara taɓa shi, domin a nan ake bambanta wanda layinsa ya yi wa aiki da wanda ya ƙwato da ƙarfinsa. Cikin masu bugawa a 'yan shekarun nan, Derrick Henry ne ya fi kusa da salon Okoye: nauyinsa ya haura kilo 110, ya yi yadi 2,027 a Tennessee a 2020, ya kuma yi 1,921 a Baltimore a 2024 yana da shekara talatin.